Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Riƙe Da Ragamar Ilimi A Jihar Katsina: A Koya Wa 'Ya'yanmu Yadda Ake Ƙera Ƙaryar Yaƙi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da ya ɗora muku. Ni tsohon malamin tarihi ne a nan birnin Katsina, na ajiye alli bayan shekaru masu yawa a ajin sakandare. Wasiƙar nan ba tawa ba ce ni kaɗai. Na rubuta ta ne da yawun wasu abokan aikina, waɗanda suka yi ritaya da waɗanda har yanzu suke aji, da kuma wasu jikokin 'yan mazan jiya, mutanen da aka kwasa daga ƙasar Katsina da Daura zuwa yaƙin Bama. Mun zauna mun tattauna, suka ɗora mini nauyin rubutawa.

Kun san cewa wajen 2009 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a ƙasar nan. Malamai suka yi ta kuka har Gwamnatin Tarayya ta amsa, aka ƙaddamar da dawowarsa a 2022. Mun yi murna ƙwarai. Amma abin da idonmu yake gani a azuzuwa da dama shi ne sunan darasin ya dawo cikin jadawali, cikinsa bai dawo ba. Wannan sakacin ne ya sa muka ɗauki alƙalami, musamman a kan fanni guda da muke ganin rayuka sun rataya a kansa a yau: tarihin yaƙe-yaƙen ƙarni na 20, da yadda masu mulki suka riƙa sarrafa labari don su tura talakawa fagen fama.

Kokenmu na farko a kan malami ne. A makarantu da yawa, wanda aka miƙa wa tarihi ba shi ya karanta ba, cike gurbi ne aka yi da shi domin yana da sa'o'in da ba ya aji. Ba laifinsa ba ne. Sai ya buɗe littafi ya kwafe wa yara a allo: Yaƙin Duniya na Ɗaya 1914 zuwa 1918, na Biyu 1939 zuwa 1945, an kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945. Yaro ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, ya manta. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba a taɓa yi masa ita: yaya aka yi manomi a Jamus ko Ingila ko Japan ya yarda ya bar gonarsa ya tafi kashe mutumin da bai taɓa gani ba? Wa ya gaya masa me, ta wace hanya, kuma nawa ne gaskiya a ciki?

Na biyu, kuma a nan za mu ɗan daɗe domin shi ya fi ci mana rai: ana koyar da waɗannan yaƙe-yaƙe kamar labarin wasu Turawa can nesa, alhali kakanninmu suna tsakiyarsu, kuma su ma an yi musu farfaganda da harshensu. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Editanta, Malam Abubakar Imam, a Kwalejin Katsina ya yi karatu, a Midil ta Katsina ya koyar kafin a ɗauke shi. Cikin dalilan kafa jaridar akwai jita-jitar da ta bazu a lokacin, cewa Ingila na iya miƙa wa Jamus ƙasashen da take mulka don ta lallashi Hitila. Turawan mulki suka ga dole su sami bakin da zai yi magana da talaka da Hausa. Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumba, jaridar ta zama babbar hanyar da mutanenmu suke jin labarin fagen fama, a karanta ta da ƙarfi a ƙofar gidan dagaci ko a zauren malami, waɗanda ba su iya boko ba suna saurare. Ga kuma majigi, motar da take yawo gari gari tana haska farin ƙyalle da dare, tana nuna ƙarfin sojan Sarkin Ingila. Aka riƙa tara gudummawar kuɗi don yaƙi, aka matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa.

Yaron Jibiya ko Mai'aduwa bai san cewa iyakar da yake tsallakawa zuwa Maraɗi ko Damagaram ta taɓa zama iyakar abokan gaba ba. Da Faransa ta faɗi a hannun Jamus a watan Yunin 1940, Nijar da sauran ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma suka kasance ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, har zuwa Nuwamban 1942. Chadi kuwa, ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, tun Agustan 1940. Wannan ne ya ba jiragen yaƙin Ingila damar tasowa daga Takoradi ta ƙasar Ghana ta yau su sauka Kano, su bi ta Maiduguri da Chadi da Sudan har Masar. 'Yan uwa na jini, Bakatsine da Bamaraɗe, suka wayi gari kowa ana gaya masa cewa Baturen ɗaya gefen ne mugu. Rundunoni biyu na sojan Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, suka yi yaƙi da Japan a dazukan Bama, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, Hausa ce kuma harshen da akasarin sojojin Nijeriya suke magana da shi a tsakaninsu. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, har can ya je ya duba su. Sunayen barikoki irin su Chindit a Zariya da Arakan a Legas daga wannan yaƙin suka fito, amma ka tambayi ɗalibin aji shida, da wuya ya gaya maka.

Wan mahaifina yana cikin waɗanda suka je Bama suka dawo. Muna yara yakan ba mu labari a zaure bayan sallar isha'i. Ya ce abin da aka fi nanata musu shi ne Hitila ba ya ɗaukar baƙar fata a matsayin mutum, in ya ci yaƙi bayi zai mai da mu. Da na girma na yi karatu sai na tarar wannan ba ƙarya aka yi musu ba, Hitila ya rubuta ƙasƙanci a kan baƙar fata da hannunsa. To amma ga abin da ba a gaya musu ba. A daidai lokacin da ake ce musu yaƙin 'yanci suke yi, ana ɗiban talakawa daga lardunan Arewa a kan tilas zuwa haƙar kuza a Jos, abin da mutane suka sa wa suna diban gwamna, domin Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa kuzar can. Dubun dubatar mutane aka kwasa tsakanin 1942 da 1944, da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su. A watan Agustan 1941 Firaministan Ingila Churchill da Shugaban Amurka Roosevelt suka fitar da sanarwar nan ta Tekun Atlantika, wadda ta ce kowace al'umma tana da haƙƙin zaɓen irin gwamnatin da za ta mulke ta. Wata guda bai cika ba Churchill ya tashi a majalisar Ingila ya bayyana cewa ƙasashen Turai da Jamus ta mamaye ake nufi, ba ƙasashen da Ingila take mulka ba. Da yaƙi ya ƙare, kuɗin sallamar sojan Afirka bai kai na Bature mai muƙami ɗaya da shi ba. A Thiaroye ta ƙasar Senegal, ranar 1 ga Disamba 1944, sojan Faransa suka buɗe wa sojojin Afirka wuta don sun nemi haƙƙinsu. A Accra, ranar 28 ga Fabrairu 1948, aka harbe 'yan mazan jiya uku suna tafiya kai takardar koke.

Ranku ya daɗe, darasin da ke cikin wannan ya fi kowace shekara da yaro zai haddace. Farfagandar da ta fi kama zuciya ba ƙarya ce zalla ba, gaskiya ce aka zaɓa, aka ɓoye 'yar uwarta. Duk wanda ya saba sayen gero a kasuwa ya san mai kyau ake sawa a bakin buhu, don haka yake zura hannu har ƙasa kafin ya biya. Wannan zura hannun muke so a koya wa yara a kan labari, kuma ga misali a gidansu, a tarihin kakanninsu.

Kokenmu na uku shi ne ba a nuna wa ɗalibai dabarun kansu, alhali ba su da yawa, kuma su ɗin ne ake ta maimaitawa shekara ɗari. Akwai ƙirƙiro ta'asar da ba a yi ba. A watan Afrilun 1917 manyan jaridun Landan suka buga cewa Jamusawa suna da masana'antar da suke narka gawarwakin sojojinsu suna fitar da kitse. Akwai masana'antar da gaske a lokacin, amma mushen dabbobi take sarrafawa. Sai a Disamban 1925 Sakataren Harkokin Wajen Ingila, Austen Chamberlain, ya amsa a majalisa cewa labarin ba shi da tushe. Illar ba ta tsaya nan ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, rahotannin kisan kiyashin da 'yan Nazi suke yi wa Yahudawa suka fara fitowa, mutane da yawa suka ƙi gaskatawa, suka ce ai irin ta 1917 ce. Ƙaryar jiya ta toshe kunne daga gaskiyar yau, miliyoyi suna mutuwa. Dabarar ba ta tsufa ba. A Oktoban 1990 wata yarinya 'yar shekara 15 ta ba da shaida a gaban wasu 'yan majalisar Amurka cewa ta ga sojan Iraƙi suna fitar da jarirai daga kwalaben asibiti a Kuwait suna barinsu a ƙasa. Aka yi ta yawo da labarin har aka shiga yaƙi. A 1992 aka gano cewa yarinyar 'yar jakadan Kuwait a Amurka ce, kuma wani kamfanin tallata manufa ne ya shirya zaman. Iraƙi ta mamaye Kuwait da gaske, ta kuma yi zalunci da gaske, amma wannan labarin da ya fi girgiza mutane bincike bai tabbatar da shi ba.

Akwai ƙago dalilin kai hari. Daren 31 ga Agusta 1939 jami'an Jamus suka yi shigar mutanen Poland suka afka wa gidan rediyon Jamus a garin Gleiwitz, da gari ya waye Jamus ta shiga Poland tana cewa ramuwa take yi. A Agustan 1964 Amurka ta ce Vietnam ta Arewa ta sake kai wa jiragen ruwanta hari a mashigin Tonkin, majalisa ta ba Shugaba Johnson damar faɗaɗa yaƙin Vietnam, daga baya takardun gwamnatin Amurka kanta suka nuna harin na biyu bai auku ba.

Akwai kuma hawa kan addini, wanda ya kamata mu Musulmi mu fi kowa saninsa. A Nuwamban 1914 aka shelanta jihadi a Santambul a kan Ingila da Faransa da Rasha, Jamus kuwa, wadda ba ƙasar Musulmi ba ce, ita ce kan gaba wajen yaɗa shelar, har ta gina wa fursunonin yaƙi Musulmi masallaci kusa da Berlin a 1915 don ta ja ra'ayinsu. Su ma Ingila da Faransa suka nemi sarakuna da malamai su fito su ce a bi su. Kowane ɓangare yana neman Musulmi ya mutu masa, babu wanda ciwon Musulunci ya dame shi.

Mafi muni ita ce cire wa mutum rigar mutuntaka ta hanyar suna. Jaridar wani ɗan Nazi mai suna Julius Streicher ta shafe shekaru tana siffanta Yahudawa da ƙwari da cuta kafin a fara kisa, shi ya sa kotun Nuremberg ta yanke masa hukuncin rataya a 1946 duk da ba shi ya riƙe bindiga ba. A Ruwanda gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai, yana karanta sunaye da wuraren ɓuya, a 1994 aka kashe mutum wajen 800,000 cikin kwana ɗari. Mu ma ba mu tsira ba. Masana tarihi da dama sun rubuta yadda, a ƙarshen Satumban 1966, wani rahoton rediyo daga Kwatano cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas, wanda aka maimaita shi a nan Arewa, ya rura wutar kashe-kashen da suka share hanyar yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A yaƙin kuwa kowane ɓangare ya yi tasa farfagandar, Biyafara har kamfani ta ɗauka a Geneva yana raba wa jaridun duniya labaranta. Wannan babi yana da ɗaci, mun sani. Ɓoye shi daga yara bai hana su jin sa ba, sai dai suna jin sa daga bakin masu son a maimaita.

Ga dalilin da ya sa muke cewa rayuka sun rataya a kan wannan darasi. Jiharmu tana cikin yaƙi, ko da ba a kira shi da sunan ba. Mutanen Batsari da Safana da Faskari da Jibiya da Ƙanƙara sun san haka fiye da kowa. Kuma duk dabarun da muka lissafa suna cikin wayar da ke aljihun ɗan aji uku. Wani saurayi da na taɓa koyarwa ya zo mini da bidiyon gawarwaki a WhatsApp, jikinsa yana rawa, an rubuta a ƙasa cewa wani ƙauye ne a yammacin jihar nan, an kuma ambaci ƙabilar da ta yi. Muka zauna muka sake kallo a hankali. Harshen da ake ji a bayan hoton ba Hausa ba ne, ba Fillanci ba ne, lambar motar da ta gifta ba ta Nijeriya ba ce. Kafin ya zo wurina ya riga ya tura wa zaurukan da yake ciki. Yaron nan ba mugu ba ne, yana da tausayi, tausayin nasa ne ma aka hau. Babu wanda ya taɓa koya masa ya tsaya ya yi tambaya. A Jihar Filato a 2018, binciken 'yan jarida ya nuna hotunan da aka yaɗa a Facebook, waɗanda wasunsu daga wata ƙasa ma aka ɗauko su, sun taimaka wajen tunzura mutane aka tare hanya aka kashe matafiya.

Muna jin yadda ake kiran sunan ƙabila guda a jingina mata laifin 'yan bindiga gaba ɗayanta, da yadda su ma ɓarayin dajin suke sakin murya da bidiyo suna cewa kare kai suke yi, suna nuna makamai don su firgita ƙauyuka su kuma jawo matasa. A ƙasar da Hausa da Fulani suka yi auratayya har ba a iya rabewa, inda kusan kowane gida in ka bi salsala za ka tarar da jinin biyu, wannan magana wuta ce a cikin ɗaki. 'Yan bindiga suna kashe mutane da gaske, ba mu rage musu laifi ko ƙwayar zarra ba. Amma makiyayin da ya shigo kasuwa sayar da nono ko akuya, aka far masa saboda saƙon murya da ba a san wanda ya yi shi ba, jininsa yana kan wanda ya ƙirƙira da wanda ya tura.

Na huɗu ya shafi yadda yaranmu suke kallon manyan ƙasashe. Bahaushe ma'abocin rediyo ne, kuma duniya ta san haka. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Jamus da Sin suka biyo a 1963, Mosko ma ta yi nata, Muryar Amurka ta zo a 1979. Mun amfana da su ƙwarai, ma'aikatansu 'ya'yanmu ne masu mutunci. Amma ya kamata ɗalibi ya san cewa zamanin yaƙin cacar baka ne ya haifi yawancinsu, kuma babu ƙasar da take kashe kuɗi ta yi magana da harshenka ba tare da tana da buƙata a wurinka ba. A 1983 hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet ta dasa labari a wata jaridar Indiya cewa Amurka ce ta ƙera cutar ƙanjamau, labarin ya zagaye Afirka, har yau akwai masu riƙe da shi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyaka aka fara maganar tura soja, wayoyin mutanen Katsina da Daura suka cika da labaran da babu mai iya tantance su. A zanga-zangar Agustan 2024 muka ga yara a wasu biranen Arewa suna ɗaga tutar Rasha. Yunwar da ta fito da su gaskiya ce, haushin Faransa da Amurka ma yana da tushe a tarihi. Amma da an koya musu cewa a ranar 23 ga Agusta 1939 Mosko da Berlin, waɗanda suka shafe shekaru suna zagin juna, sun sa hannu a yarjejeniya suka raba Poland a asirce, da kuma yadda Ingila da Faransa suka miƙa wa Hitila wani yanki na Czechoslovakia a Munich a 1938 ba tare da masu ƙasar suna teburin ba, da sun gane cewa a cinikin manyan ƙasashe ƙaramin aboki ake fara sayarwa, kowace tuta ya ɗaga.

Na biyar gajere ne amma ba ya jira. 'Yan mazan jiyan yaƙin Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Takardun sallamarsu, da lambobin yabo, da hotuna, suna cikin akwatunan ƙarfe a gidaje, gara tana ci, wasu an zubar ranar rabon gado. Waɗanda suka yi yaƙin basasa su ma tsufa ya kama su. Kowace shekara muna binne shaidu.

Mun san wani zai ce in aka koya wa yaro shakkar labari, zai daina yarda da kowa, har da gwamnati da malamansa. Amsarmu ita ce rashin yardar ya riga ya shigo, kuma makaho ne. Mun gani a 2003 da aka ƙaurace wa allurar shan inna a wasu jihohin Arewa, jita-jita ta hau kan wani rauni na gaske, wato gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996, yara da yawa suka shanye a banza. Wanda ya iya tantancewa shi ne yake iya yarda a inda ya dace. Kuma wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Alƙur'ani a Suratul Hujurat ya umarce mu mu yi bincike in fasiƙi ya zo da labari, don kada mu cuci wasu mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Malaman hadisi sun gina fanni guda a kan tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji. Garin da ya yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani bai kamata a ce 'ya'yansa suna tura labari babu isnadi ba. Toshe hanyar sadarwa, kamar yadda aka yi a wasu ƙananan hukumomin jihar nan a 2021 saboda tsaro, mataki ne na ɗan lokaci. Ranar da aka buɗe, yaron nan da wayarsa suna nan yadda aka bar su.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A ɗauki malaman da suka karanta tarihi, a daina cike gurbi da darasin. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da sauran manyan makarantun jihar nan suna yaye su, da yawa suna zaune babu aiki. Waɗanda suke riƙe da darasin yanzu a shirya musu bita lokacin hutu, mu tsofaffin malamai a shirye muke mu koyar a bitar ba tare da an biya mu ba.

A ware aƙalla zango guda a babbar sakandare, ko a cikin tarihi ko a cikin darasin zama ɗan ƙasa, don nazarin farfagandar yaƙi, da Hausa da Ingilishi. Kada ya zama haddar ma'ana. A ɗora wa ɗalibai shafin tsohuwar jarida ta lokacin yaƙin Hitila a gabansu, a ce su nemo abin da aka faɗa da abin da aka yi shiru a kansa. A ba su labari guda yadda gidajen rediyo uku suka kawo shi su gwada. A kawo saƙon WhatsApp na makon nan a bi diddiginsa a aji: wa ya fara turowa, yaushe aka ɗauki hoton, wa zai ci riba in mun fusata. Irin wannan an taɓa yi, a Amurka tun 1937 wata cibiya ta riƙa raba wa makarantu darussan gane farfaganda, aka rufe ta a 1942 bayan ƙasar ta shiga yaƙi. Shi ya sa muke so a rubuta namu cikin manhaja, ya zauna daram ko wace gwamnati ce a kan mulki, kuma a yarda ɗalibi ya auna sanarwar gwamnati da ma'aunin da yake auna ta kowa.

A nemi kwafin tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo da takardun lardin Katsina daga ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, a buga zaɓaɓɓu a ƙaramin littafi mai araha a raba wa makarantu, har da Islamiyyu.

A haɗa hannu da masarautun Katsina da Daura a yi shela ta bakin hakimai da dagatai, duk gidan da ke da takarda ko lambar yabo ko hoton ɗan mazan jiya ya kawo a ɗauki hotonsa a mayar masa da abinsa. A tura ɗaliban jami'a da na'urar ɗaukar murya wurin tsofaffin sojojin da suka rage da matan da mazajensu suka bari. A nemi a ware ɗaki guda a gidan tarihin da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina don ajiye su, a riƙa kai ɗalibai.

A ƙarshe, muna roƙon a ba wakilanmu lokaci mu zo mu gabatar da daftarin darussan da muka riga muka tsara, kafin a kammala jadawalin shekarar karatu mai zuwa, domin in aka fitar da jadawalin babu shi, sai an sake jiran wata shekarar.

Allah ya ba jiharmu zaman lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya yi muku jagora.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin tarihi, a madadin abokan aikinsa da iyalan 'yan mazan jiya,
Katsina.